Shekarar Da Na Zama Makiyayiyar Dangi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke aiko wa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa. Roƙona ɗaya, a sakaya sunana, domin duk waɗanda zan ambata suna nan da ransu, wanda bai iya karatu ba a cikinsu kuma yana da mai karanta mashi.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina zaune gidan mijina a wani ƙauye cikin yankin Tamawa, ƙasar Kurfi. 'Ya'yana mata biyu duk sun yi aure, namijin yana karatu a Katsina, sai hutu muke ganinshi. Gidan ya rage mu uku: ni, maigidana, da mahaifiyarshi da muke ce wa Inna, wadda ciwon ƙafa ya zaunar da ita bakin ɗaki amma bai taɓa idonta da bakinta ba. Maigidan manomi ne da damina, in an yi kaka kuma sai ya shiga bin kasuwannin ƙauye yana sayen hatsi yana kaiwa Dutsin-Ma. Shanun huɗarmu mun daɗe da sayar da su, kamar yadda mutane da yawa suka yi a wajenmu don tsoron ɓarayin shanu. Abin da ya rage shi ne ƙananan dabbobi a cikin gida, kuma wannan sashena ne. Ina da tumaki biyar, awaki huɗu, kaji, 'yan zabi da tantabaru. Cikin tumakin akwai wata fara mai baƙin kunne, jinin tunkiyar da mahaifiyata ta ba ni lokacin aurena. Ba ta taɓa haifar ɗaya ba, kullum tagwaye.

Kiwon nan na san shi kamar yadda na san tukunyar miyata. Da kaka mu tara harawar wake da ta gyaɗa mu ɗora bisa rumfa, mu jingine karan dawa, in adana kowar wake da ƙaiƙayi a buhuna. In an gama kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, su yi ta kiwon kansu a gonaki har sanyi ya wuce. Rani ya yi nisa, ƙasa ta koma fili, sai in fara sauko da harawa dami-dami, in haɗa da dusar da nake samu wurin surfe da 'yar kanwa. Kafin ruwan farko maigida ya kwashe takin turke ya kai gona. Da an yi shuka mai unguwa ya sa a yi shelar ɗaure dabbobi, in ɗaure nawa, in riƙa yanko masu ciyawa har kaka ta zagayo. Gonarmu baki tara take iya ciyarwa, babu ƙari. Na san haka sarai, shi ya sa har yau in na tuna, haushin kaina ya fi na kowa.

Abin ya faro ne daga wani suna a Dutsin-Ma, gidan yayan maigidana, wani Alhaji ɗan kasuwa mai sayar da kayan masarufi. Ragon sunan daga turkena aka ɗauke shi, kuma gaskiya ya cika ido. Mata suka yi ta tambayar wa ya kiwata shi, aka yi ta nuno ni. Wannan ta ce hannuna na da albarka, waccan ta ce ko busasshen kara na ba dabba sai ta yi ƙiba. Zan faɗi gaskiya tunda sunana a ɓoye yake: maganar ta yi mani daɗi fiye da kima. Ga ni mutuniyar ƙauye cikin matan gari masu gwala-gwalai, amma zancena ake yi. Da na je sallama da Alhaji, sai ya ce ai ya ji labari, kuma daga bana ya daina sayen ragon layya da tsada ana gobe Sallah, zai sayi ƙanana ya aiko mani in ɗan duba mashi su. Haka ya ce, in ɗan duba. Na durƙusa na ce ba komai Yaya, Allah ya kai mu. Bai ce ga abin da za su ci ba, ni kuma ban tambaya ba. Sati biyu bayan nan, muna tsakiyar ɗaurin harawa, akori-kura ta tsaya ƙofar gida aka sauke raguna huɗu. Igiyoyin wuyansu ma direban kwancewa ya yi ya koma da su, wai na aro ne.

Labari ya bazu cikin dangi. Ƙanwata da ke aure a Kurfi ta zo da agwagi shida da talotalo biyu cikin kwando, wai mai gidan hayarsu ya hana kiwo, kuma tunda na karɓi na dangin miji ai ba zan ƙi na 'yar'uwata ba. Na karɓa. Sai ga Goggo, ƙanwar mahaifina, wadda rashin kwanciyar hankali ya taso su daga ƙauyensu suka koma ɗaki ɗaya cikin garin Kurfi. Ta zo da awaki biyar da bunsuru, su ne duk abin da ta tsira da shi. Ita kam ko yau ta zo ba zan iya mai da ta ba. Amma cikin awakinta akwai wata ja mai dogayen ƙafafu da ban taɓa ganin irinta ba. Tana kwance igiya da haƙori, tana haye katanga kamar mage, in ta fita kuma sai sauran sun bi ta. Kafin sanyi ya kankama, turken da ya saba da dabba tara ya koma ɗauke da goma sha tara, ban da masu fukafukai.

Maigida ya yi magana sau ɗaya. Ya tsaya ya dubi rumfar harawa, ya dubi dabbobin, ya ce wannan abincin ba zai kai mu ƙarshen rani ba, in san yadda zan yi. Na ce ai yayanshi ne ya fara, shi ya je ya gaya mashi. Ya ce ba shi aka tambaya ba, ni na amsa da bakina, kuma shi ba zai iya tsayawa gaban yayanshi yana zancen dusa ba. A nan muka bar maganar, kowa yana jiran ɗaya ya yi abin da shi ya kasa. Inna kuwa ta ɗauki ragunan nan huɗu kamar jikokinta. Daga inda take zaune take sa ido, da na ɗauko harawa ta ce a fara da na ɗanta, amana ce. Namijin talotalon ya tsane ta, kullum sai ya bi ta in za ta kewaya, ita kuma ta rantse ni ke zuga shi. Agwagi suka mai da kwatarniyar ruwan tumaki wurin wanka, tumaki kuma ba su shan ruwan da aka ɓata, sai in zubar in sake jawowa. Awaki na ture tumaki a wurin ci, raguna na karo da bunsuru, zabina suka gaji da hayaniyar suka koma kwana bisa bishiyar maƙwabta. Gidan da ake yabonshi da tsafta ya zama sai ka duba inda za ka sa ƙafa.

Harawar da takan kai mu har ruwan farko ta ƙare tun kafin azumi. Kara ya ƙare, kowar wake ta ƙare, jeji kuma babu ko tsinke. Na shiga fita da sassafe ina tsintar 'ya'yan gawo tare da tsofaffin unguwa, abin da rabona da shi tun ina budurwa. Na fara kama kajina ɗaya bayan ɗaya ina ba maigida ya sayar ya sayo dusa, da kaji suka ƙare na koma kan zabi. Ruwan rijiyarmu ya yi ƙasa, sai na ƙara wa guga igiya, ina ja da azumi a bakina har tafin hannuna ya tsattsage, bayana ya riƙe. Duk ranar Juma'a kuma Alhaji ya bugo waya. Bayan gaisuwa ya tambayi 'yan amanarshi, ya ce yana so ranar Sallah unguwa ta san ya yi layya. Wata rana har shawara ya ba ni, wai ya ji an ce dusar alkama ta fi sa ƙiba, in gwada. Na ce to, Yaya. Wallahi kowace Alhamis sai na shirya maganar da zan faɗa mashi, in jera ta tsaf a raina ina tuƙa tuwo, amma da na ji muryarshi sai in ji kaina ina cewa suna nan lafiya lau, ba wata matsala. Ƙanwata ita ma ta bugo, ba don ta ji ya nake ba, sai don ta ji ko agwagi sun fara ƙwai, in tara mata. Goggo kaɗai ce ta taɓa zuwa da ɗan ƙullin dusa a bakin zanenta, wanda bai isa akuya ɗaya ta karya ba, amma shi ne abin da na gani daga hannun masu dabbobi a duk ranin nan.

Bayan ƙaramar Sallah ɗiyata ta biyu ta haihu, haihuwar fari, aka kawo ta gida wanka kamar yadda aka saba. Wannan abu ne da na daɗe ina jira. Na so in zauna da ita, in dafa mata ruwa safe da yamma, in dama mata kunun kanwa, in goya jikana. Sai ga shi ruwan da zan jawo na wankan jego shi ne dabbobi goma sha tara ke kuka a kanshi, ga zafin bazara, ga ƙudaje ko'ina, jariri ba a isa a fito da shi tsakar gida ba. Ana cikin haka, wata ranar kasuwar Dutsin-Ma da la'asar, mai babur ya iso da rago ɗaure a bayanshi. Ya ce Alhaji ne ya aiko, ya same shi da araha, a haɗa da sauran. Kallo ɗaya na yi wa ragon na san ba shi da lafiya. Hancinshi na zubar da majina, idanunshi sun yi kwantsa, zawo ya bushe a cinyoyinshi. Tun ina yarinya mahaifiyata ta koya mani cewa baƙuwar dabba ba a haɗa ta da na gida sai an ga kamun lafiyarta, balle wadda ciwo ke rubuce a fuskarta. To amma ina zan kai shi? Bayan rumbu awakin Goggo ne, gefen zaure agwagi ne, kusa da ɗaki kuma ga mai jego. Inna ta leƙo ta ce wahalar hanya ce kawai da zafin rana, a ba shi ruwa zai ware. Mai babur yana tsaye yana jiran a kwance mashi igiyarshi. Abin da ya kamata in ce bai wuce numfashi ɗaya ba: koma da shi. Na kasa. Na ja ragon na ɗaure shi cikin turke, na ce wa kaina kwana ɗaya ne, gobe zan sama mashi wuri. Goben nan ba ta zo ba.

Kafin sati ya zagayo turken ya kama tari. Awaki suka fara, sannan tumaki. Majina, zawo, baki duk gyambo, dabba ta tsaya kan abinci ta kasa ci. Maimakon in nemi wanda ya sani, sai na tsaya jiƙe-jiƙe, na sa aka sayo mani kafso wurin masu tallan magani a kasuwa ina ɗura masu. Kunya ce ta hana ni kiran likitan dabbobi, kar a ji cewa mai hannun albarka ciwo ya shiga garkenta. Sai da akuyata biyu suka mutu rana ɗaya maigida ya hau babur ya tafi Kurfi ya ɗauko shi. Mutumin ya shigo, ya tsaya ya dubi wurin. Ya tambayi yaushe rabon da a yi masu allurar rigakafi, na ce nawa an yi masu bara, na sauran ban sani ba. Ya tambayi wace dabba ce ta shigo ƙarshe, na nuna mashi. Ya ce Hajiya, ko lafiyarsu lau wannan wurin ya yi masu kaɗan, ga yunwa ta riga ta karya su, ciwon ya zo ya tarar da aiki a gama. Ya yi abin da zai iya, ya sa muka raba masu ciwo da masu sauran lafiya, har cikin zaure muka ɗaure wasu. Duk da haka na rasa awaki uku da tumaki uku. Farar tunkiyata mai baƙin kunne tana cikinsu, da tsohon ciki. Kwana biyu ina riƙe da kanta ina ɗiga mata ruwa a baki, a rana ta uku da hantsi ta miƙe ƙafafu. Ragunan Alhaji biyu suka mutu, manyan cikinsu, da akuyar Goggo ɗaya. Shi kuwa ragon arahar da ya kawo ciwon, ya warke sarai, ya koma yana ture kowa a wurin ci.

A cikin kwanakin nan ne mijin ɗiyata ya zo duba su, ya tarar ana jan mushe za a fitar bayan gari. Yaro ne mai kunya, ya gaishe mu ya koma. Washegari mahaifiyarshi ta aiko da mota, wai sun yi kewar jariri, a ƙarasa wankan a can. Kwana ashirin da biyu ɗiyata ta yi maimakon arba'in. Da za ta shiga mota ta ce mani, "Mama, ko sau ɗaya ba ki zauna mun yi hira ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Na koma ciki na tarar agwagi sun sake shiga kwatarniya.

Ana jibi babbar Sallah Alhaji ya zo da kanshi da akori-kura. Na riga na sa maigida ya gaya mashi ta waya cewa biyu sun mutu, amma ya yi kamar yau ya fara ji. Ya zagaya ragunan uku da suka rage yana taɓa ƙashin bayansu, yana girgiza kai. Ina daga bakin ɗaki a durƙushe na ji ya ce, "Ikon Allah. Shi ciwon nan manyan kawai ya zaɓa?" Sannan ya tambaya ko an ajiye fatunsu. Maigida ya sunkuyar da kai ya ce mushe ne, an rufe su. Inna ta ce ita dai ta sha faɗin a riƙa fara ba su abinci. A lokacin nan kajina sun tafi a kan ragunan nan, zabina sun tafi, dabbobina shida sun mutu, ɗiyata ta bar gida da ɗanyen jego. Kun san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, Allah ya ba da haƙuri, Yaya. Ni na ba da haƙuri. Ya ce ba komai, ya sa aka loda ragunanshi ya tafi. Ko cinyar layya ba mu gani ba a shekarar. Bayan Sallah kuma magana ta dawo mani ta bakin wata da ta je gidan barka da Sallah, wai ana cewa sayar da ragunan na yi na yi wa ɗiyata kayan jego.

Na ɗauka iyakar abin ke nan, ashe da saura. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi shelar ɗaure dabbobi. Na ɗaure kowa, na koma yankan ciyawa da lauje safe da yamma, yawanci don awakin Goggo, tunda nawa saura tumaki biyu da akuya ɗaya. Turke ya zama taɓo, ƙafafun dabbobi suka fara ruɓewa, agwagi ne kaɗai ke jin daɗin duniya. Jar akuyar nan kuwa ciwo bai ko kalle ta ba. Na ɗaure ta da igiyar kaba ta cinye, na sa ta roba ta kwance, na ɗaure ta ƙafa da wuya ta san yadda ta yi. Gonar da ke bayan katangarmu ta wani Malam ce mai makarantar allo, maƙwabcinmu shekara ashirin, mutumin da ko ɗaga murya ban taɓa jin ya yi ba. Karo na farko da awakin suka shiga mashi gero, shi ya koro su har ƙofar gida ya ce a dai ƙara kula. Karo na biyu ya aiko matarshi ta yi mani magana a hankali. Karo na uku ina can wurin ciyawa, suka shiga suka yi wa wakenshi da ya fara yaɗo aski, kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Da na dawo aka ce Malam ya kora su gidan mai unguwa.

Maigida ba ya nan, dole na saka hijabi na tafi da kaina, ni da ban taɓa tsayawa gaban mai unguwa ba sai gaisuwa. Ga mutane zaune a ƙofar gida, ga awaki ɗaure a gindin dalbejiya, jar tana ta tuƙa kamar ba ita ba. Mai unguwa ya tambaya ko nawa ne, na ce a gidana suke amma ba nawa ba ne. Ya ce to nawa guda nawa ne, na ce saura uku. Ya ce shi ya san ni da tara. Nan na fara bayani, tun daga ragunan kaka har zuwa ranar, kuma ina faɗa ina jin yadda labarin ke fita kamar na wadda ba ta da wayo. Wani dattijo ya tambaya me masu dabbobin ke ba ni, na ce ba komai. Ya ce to 'ya'yan da aka haifa fa, ana rabawa? Na ce ba mu yi wannan maganar ba. Sai Malam ya gyara zama ya ce shi ya yafe waken, bai kawo ƙara don a biya shi ba. Ya juyo wajena ya ce, "Maman yara, shekara ashirin kazarki ma ba ta taɓa shiga gonata ba. Na kawo su nan ne don na ga in ba a gaban mutane ba, ba za ki ji ba. Kin ɗauki abin da ya fi ƙarfinki, kuma ba ke kaɗai yake dannewa ba." Ban san lokacin da hawaye ya zubo mani ba. Ba na baƙin ciki ba ne, na takaici ne, don duk abin da ya faɗa na san shi tun ranar da aka sauke ragunan farko.

Da maigida ya dawo na ce mashi gobe ina son mota. Ya ce ta me, na ce ta mai da wa kowa kayanshi. Ya dubi fuskata, ya fita neman mota. Washegari muka loda agwagi da talotalo da awaki muka nufi Kurfi. Ƙanwata ta ce yanzu ina take so ta kai su, na ce inda za ta kai su da ba ni da rai. Ta yi wata uku ba ta ɗaga wayata. Goggo kuwa na zauna da ita na gaya mata komai, ban rage ba. Tsohuwar ta yi ta salati, ta ce me ya hana ni faɗa tun rani, ai da ta sayar da rabi ta sayi abincin rabi. Muka yi magana ta fahimta a gaban ɗanta: zan riƙe mata awaki biyu, a yi masu allura, 'ya'yan da suka haifa mu riƙa rabawa, sauran a kai kasuwa. Jar ce ta fara tafiya, kuma ban tambayi wanda ya saye ta ba, don kar in ji tausayinshi. Da kaka maigida ya auni wake ya kai wa Malam, ya ƙi karɓa, sai da aka haɗa shi da Allah.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne kakar da ta biyo baya. Alhaji bai aiko mani da rago ba, kuma ban yi kewa ba. Ashe wani mutum ya samu a wajen Ɗantutture mai kiwo a biya shi, ya kai mashi raguna biyar. Direban akori-kurar nan da bakinshi ya ba maigida labari a kasuwa: duk wata sai ya kai buhunan dusa da damman harawa, Alhaji ya sa an yi wa ragunan allura tun ranar farko, har kwanon shan ruwa ya saya masu, kuma in ya bugo wa mutumin waya da sannu da ƙoƙari yake farawa. Na zauna na yi ta juya maganar. Ashe ya san rago yana cin abinci. Ya sani tun farko. Ni ce dai bai ga dalilin ya ba ni ba, tunda ban tambaya ba.

Yanzu shekara ta uku ke nan, garkena bai koma yadda yake ba, ina dai tafe a hankali. Na yi tunani mai yawa a kan wanda zan ɗora wa laifi, kuma duk inda na zagaya sai in dawo kaina. Abin da na kira kunya da zumunci, rabinshi son yabo ne. Na fi son a ce hannuna na da albarka da a ce na yi rowar turke, na biya wannan da dabbobina, da lafiyata, da kwanakin jegon ɗiyata waɗanda ba za su dawo ba. Kuma zumuncin da na ce ina karewa bai tsira ba, don har yau gaisuwata da gidan Alhaji ba ta wuce ta biki da ta mutuwa.

Ina kira ga 'yan'uwana mata masu ɗan kiwo a gida, musamman mu na ƙauye da dangi na gari ke ganin ciyawa kyauta take fitowa a tsakar gidanmu. Kafin ki karɓi dabbar wani, ki je ki dubi rumfar harawarki, ki tuna watan da jeji ba ya da ko tsinke, ba watan kaka ba. In za ki karɓa, a faɗi komai tun a bakin ƙofa, a gaban shaida: wa zai kawo abinci, wa zai yi allura, in ta haihu yaya, in ta mutu yaya. Dabbar da ta zo daga kasuwa ki ɗaure ta ita kaɗai har ki tabbatar da lafiyarta, ko ta waye, in babu wurin ware ta kuma to babu wurin karɓarta. Ciwo ya shiga, ki kira masu sani tun a rana ta farko, kar ki tsaya kare suna. Ku kuma masu kai kiwo gidan 'yan'uwa, ku ji tsoron Allah, shirun da ake yi maku ba yarda ba ce.

Wanda kika ce wa a'a zai yi fushi, wannan babu shakka. Ki bar shi ya yi. Ni na ga fushin wanda aka mayar tun daga ƙofa, na kuma ga na wanda aka yi wa wahalar wata bakwai, kuma na farkon ya fi saurin hucewa.